Hanci ya toshe: da gaske motsa jiki yana buɗe shi?

Mai Kula da Zaure: Assalamu alaikum jama'a. Hunturu ya kankama, hazo ya lulluɓe garin Zariya tun daga Kwangila har Shika, kuma tambaya ɗaya ce ke ta shigowa akwatin saƙo: wai in hanci ya toshe mutum ya fita sassarfa ko ya hau bene ya sauko, hancin zai buɗe? Wasu sun ce haka ne, wasu sun ce ruɗin kai ne kawai. Masana na cikin zauren nan, bismillah. A ba mu dalla-dalla, ban da "an ce".

Koci, Sabon Gari: Wa'alaikumus salam. Yana buɗewa, wannan ba abin musu ba ne. Sharaɗin shi ne motsin ya kai ga ɗaga bugun zuciya, kuma manyan tsokokin ƙafa su yi aiki. Tafiyar ganin gari ba ta yi. A fara da minti 5 na tafiya a hankali don jiki ya ɗumama, sannan a ƙara sauri na minti 10 zuwa 15, har mutum ya ji yana ɗan haki amma yana iya magana jimla guda ba tare da ta yanke ba. In ba ya iya haɗa kalma huɗu, ya wuce gona da iri, ya rage. Yawanci kafin a cika minti 5 da ƙara saurin za a ji iska ta fara ratsa kafar da ta toshe. Wanda ba zai fita ba, matakalar bene ta isa: hawa da sauka minti 2, hutu minti 1, sau huɗu ko biyar. Tsallen igiya da keke ma duk hanya ɗaya ce.

Malamin Samaru: Koci ya faɗi yadda ake yi, bari in faɗi dalilin, don a nan mutane ke kuskure. Yawancinmu mun ɗauka majina ce ke toshe hanci, shi ya sa za ka ga mutum yana ta fyacewa har kunnensa ya toshe, ba abin da ya fito. Mafi yawan toshewar kumburi ne. A jikin bangon kowace kafar hanci akwai wasu tudunni guda uku a jere, na ƙasa, na tsakiya da na sama, na ƙasan ya fi girma. Ƙashi ne siriri da nama ya lulluɓe, naman kuma cike yake da ƙananan tafkunan jini kamar soso. Aikinsu ɗumama iska da jiƙa ta da tace ƙura kafin ta kai huhu. In ƙwayar cutar mura ta shiga, ko ƙura ta fusata wurin, sai tafkunan nan su cika da jini, naman ya kumbura ya cike hanyar.

To idan mutum ya fara motsa jiki da ƙarfi, ɓangaren jijiyoyin da ke shirya jiki don gudu ko faɗa yana farkawa, ya saki sinadarin noradirenalin, ga adirenalin kuma yana shiga jini. Su ne ke matse jijiyoyin jinin hancin, soson ya tsiyaye, kumburin ya sace, hanya ta buɗe. Jiki da kansa yake faɗaɗa ƙofa saboda yana buƙatar ƙarin iska. Kuma gwargwadon ƙarfin motsin, gwargwadon buɗewar.

Hajiyar Gyallesu: Allah gafarta Malam, duk na yarda, amma ku faɗa wa mutane ƙarshen labarin mana. In an zauna an huta fa? Ai hancin komawa yake ya toshe. Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka an samo maganin mura.

Malamin Samaru: Gaskiyarki Hajiya. Da an tsaya, sinadaran nan suna sauka, jini ya koma tafkunansa. Cikin minti 15 zuwa 30 hancin yakan koma kusan yadda yake. Motsa jiki bai kashe ƙwayar cuta ba, bai cire ƙurar ba. Taga ce ya buɗe na ɗan lokaci.

Sista, Tudun Wada: To tagar nan ce ya kamata a yi amfani da ita, kuma nan ne amfanin abin yake. Hancin da ya kumbura ruwan gishiri ba ya ratsa shi, sai ya dawo ta inda ya shiga. Amma da an gama motsa jiki hanya tana buɗe, a lokacin ne wanki ke kai wa ciki ya fito da ƙura da busasshiyar majina. Ga haɗin: ruwa rabin lita, wato cikin ledar fiya wata guda, a tafasa shi ya huce ya zama ɗumi-ɗumi. A zuba gishiri cokalin shayi ɗaya a shafe, ba a tula ba. In akwai bekin soda, hodar nan da ake sawa a kek, a ƙara ɗan kaɗan a bakin cokali, yana rage zafi. Abin da ake nema shi ne kusan giram 9 na gishiri a lita ɗaya, daidai da ruwan jiki. In gishirin ya yi yawa zai yi raɗaɗi, in kuma ruwa ne zalla shi ma zai yi zafi ya ƙara kumburi.

A sami sirinji babba mai mil 20, ba allura. A sunkuya a kan baho, a karkatar da kai gefe, a buɗe baki ana numfashi ta nan, a tura ruwan a hankali ta kafar da ke sama ya fito ta ta ƙasa. Sirinji uku zuwa biyar kowane gefe. Sannan a fyace a hankali, kafa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya danne duka biyu ya busa da ƙarfi, kunne majinar za ta nufa. Abin da ya rage na haɗin a zubar bayan kwana ɗaya, a wanke sirinjin ya bushe.

Don Allah kada a yi da ruwan rijiya ko na garuwa da ba a tafasa ba. Cikinka yana da sinadarin da ke kashe ƙwayoyin cuta, hancinka ba shi da shi.

Mai Kemis, Ƙofar Doka: Sista ta gama magana. Ni abin da zan ƙara shi ne, aikin da Malam ya bayyana shi ne ainihin aikin maganin ɗigawa irin su Otrivin da sauran masu zailometazolin ko oksimetazolin. Su ma jijiyoyin jinin suke matsewa, sai dai nasu yana ɗaukar awoyi. Matsalarsu kuwa, in an wuce kwana 3 zuwa 5 ana ɗigawa, hancin yana sabawa. Da maganin ya sake sai kumburin ya dawo fiye da da, mutum ya ƙara ɗigawa, tazarar ta riƙa raguwa daga awa takwas zuwa huɗu zuwa biyu. Ana maganin ƙaba kai na kumbura. Akwai masu yawo da kwalbar a aljihu wata da watanni, mura ta tafi tun tuni, maganin ne yanzu ke toshe musu hanci. Motsa jiki ba ya jawo irin wannan dogaro. Shi ya sa ga wanda ke ƙoƙarin yaye kansa daga ɗigawa, tattakin safe da na yamma yana taimaka masa ya jure kwanakin farko. Dabarar yayewar ita ce a daina ɗigawa a kafa ɗaya tukuna, a ci gaba a ɗayar, in ta farkon ta warware cikin mako ɗaya ko biyu sai a saki ta biyun.

Ƙwayoyin mura masu sudo'efedirin kuma, mai hawan jini ya kiyaye su, balle ya sha sannan ya fita gudu. Duka biyun suna ɗaga bugun zuciya.

Koci, Sabon Gari: Ga mai son lissafi: a cire shekarunka daga 220, abin da ya rage shi ne ƙiyasin iyakar bugun zuciyarka a minti. Ɗan shekara 40 nasa 180. Matsakaicin motsi shi ne kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari na wannan, wato 90 zuwa 126. A ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, a ƙirga na daƙiƙa 15, a ninka sau huɗu. Mai mura ba ya buƙatar wuce nan. Lokaci kuma, bayan sallar asuba ya fi, titi ba kowa, ba hayaƙin mota.

Likitan Hanci: Koci, a kan lissafi muna tare, a kan lokaci ban yarda ba, aƙalla daga Disamba zuwa Fabrairu. Iskar asubahin hunturu a Zariya sanyi gare ta kuma a bushe take ƙayau, ƙurar dare da hayaƙin bola da na masu jin ɗumi duk suna kwance ƙasa-ƙasa. Mai gudu yana shaƙar iska ninki da yawa na mai zaune, kuma da ya fara haki bakinsa yake buɗewa, iskar ta tsallake matatar hanci ta wuce ƙirji kai tsaye. Sakamakon: hancin ya buɗe yana gudu, ya dawo gida ya kama atishawa da yoyon hanci, bayan awa ɗaya ya toshe fiye da yadda ya fita. Sai ya ce motsa jiki ƙarya ne, alhali wuri da lokaci ne suka ci shi. A bari rana ta ɗaga, hantsi, ko bayan la'asar. Ranar da hazo ya yi kauri har ba a hango Dutsen Kufena daga inda aka saba hango shi, a yi a cikin gida.

Koci, Sabon Gari: Ranka ya daɗe, ma'aikaci da ɗalibi ba su da hantsi. Ƙarfe takwas suna ofis ko aji.

Likitan Hanci: To su yi na asubar a cikin ɗaki ko tsakar gida: tafiya a tsaye wuri ɗaya ana ɗaga gwiwa, tsallen igiya, hawa da sauka a kan dakali. In dole sai an fita, a sa takunkumi ko a ja rawani ko mayafi a rufe hanci da baki, numfashin da ka fitar zai ɗumama wanda za ka shaƙa ya kuma jiƙa shi. A nisanci bakin babban titi, irin PZ da ƙarƙashin gadar Kwangila, a nemi fili mai ciyawa ko layin da ke da bishiyoyi. Kuma tsakar gidan a yayyafa ruwa kafin a share, kada a tayar da ƙura sannan a tsaya cikinta ana tsalle.

Koci, Sabon Gari: Wannan na karɓa.

Hajiyar Gyallesu: Tun da Likita ya taɓo ƙirji, a yi maganar masu fuka. Da yawan masu toshewar hanci ta alaji, wato waɗanda jikinsu ba ya jituwa da ƙura da makamantanta, suna da asma, wasu ma ba su sani ba. Alamar ita ce tari, ko ƙirji ya riƙe, ko numfashi ya riƙa ƙara kamar fito, yawanci minti 5 zuwa 10 bayan an tsaya da gudu. Busasshiyar iska mai sanyi ita ce babbar mai tayar da shi. Wanda likita ya rubuta wa abin shaƙa na salbutamol, yawanci ana cewa ya shaƙa sau biyu kamar minti 15 kafin ya fara, ya tsawaita ɗumama jiki zuwa minti 10, kuma abin shaƙar ya kasance a aljihunsa, ba a gida kan firji ba.

Mai Kula da Zaure: Wani ya turo tambaya ta bayan fage: akwai bidiyon da ke yawo a WhatsApp na toshe hanci da yatsu ana gyaɗa kai. Shi ma motsa jiki ne ko wasa?

Malamin Samaru: Yana da tushe. Dabarar tana cikin tsarin numfashin da ake dangantawa da Konstantin Buteyko, likitan tsohuwar Tarayyar Sobiyat. Ana zama a miƙe, a shaƙa kaɗan, a fitar kaɗan, a matse hanci da yatsu baki a rufe, a riƙa gyaɗa kai sama da ƙasa a hankali ko a yi 'yan taku, har a ji buƙatar iska ta matsa. Sai a saki, a shaƙa ta hanci a hankali, ba da zuƙa mai ƙarfi ba. A huta minti ɗaya, a maimaita sau uku zuwa biyar. Riƙe numfashi yana tara iskar kabon dayoksaid a jini, wannan kuma yana tayar da jijiyoyin nan dai da muka ambata, su matse soson hancin. Gyaɗa kan ba shi ne sirrin ba, riƙe numfashin ne. Inda ake ɓata shi: mutum ya riƙe har ya ga duhu-duhu, sannan ya saki ya zuƙi iska ta baki da ƙarfi. Nan take ya zubar da abin da ya tara, hancin ya koma.

Sista, Tudun Wada: Malam, a sa masa iyaka da babbar murya. Mai ciki, mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai farfaɗiya, da mai sikila, kada su yi riƙe numfashin nan sam. Mai sikila ma ko tattakin ne, a hankali, ya sha ruwa sosai kafin da bayan, ya rufe jiki. Sanyi da ƙishirwa da gajiya su ne masu tayar masa da ciwon ƙashi, kuma hunturu ya haɗa ukun.

Likitan Hanci: Bari in kawo ƙa'idar da ta fi duk abin da aka faɗa muhimmanci, ƙa'idar wuya. In alamomin daga wuya ne zuwa sama, wato toshewar hanci, atishawa, yoyon hanci, ɗan kaikayin maƙogwaro, ana iya motsa jiki mai sauƙi. In sun sauko ƙasa da wuya, wato tari daga ƙirji, haki, ciwon gaɓoɓi, kasala mai nauyi, gudawa, ko zazzaɓi da ya kai digiri 38, babu motsa jiki sai an warke. Maganar nan ta "je ka buga ƙwallo ka yi gumi zazzaɓin zai fita" tana da haɗari. Wasu ƙwayoyin cutar da ke kawo mura suna iya taɓa tsokar zuciya, kuma aiki mai ƙarfi a lokacin yana ƙara haɗarin. A nan garin kuwa zazzaɓi da ciwon jiki gwajin maleriya yake nema, ba filin ƙwallo ba.

Sannan akwai amfani na biyu da ba a ambata ba. Motsa jiki gwaji ne kyauta. In hanci ya buɗe tas bayan minti 10 na sassarfa, kumburin jini ne, irin na mura ko alaji. In duka kafofin biyu sun ƙi buɗewa, ko kafa ɗaya ce kullum a toshe ko an yi gudu ko ba a yi ba, to akwai abin da ya tare hanya wanda matse jijiya ba zai kawar ba: guringuntsin tsakiyar hanci ya karkace, ko tsiron nama mai kama da ɓararren inabi, wanda yawanci yake tafe da rashin jin ƙanshi. Wannan sai an leƙa da fitila. Asibitin koyarwa na Shika yana da sashen kunne, hanci da maƙogwaro, ga kuma cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna.

Mai Kemis, Ƙofar Doka: Likita, amma kada mutane su rikita wannan da juyin da hanci ke yi da kansa.

Likitan Hanci: Madalla da tunatarwa. Lafiyayyen hanci ma kafofinsa karɓa-karɓa suke yi, ɗaya ta ɗan kumbura ɗaya ta buɗe, bayan 'yan awoyi su yi musaya. Wani likitan Jamus, Richard Kayser, ya bayyana haka tun 1895. Ba a lura da shi sai an yi mura. In toshewar tana yawo daga dama zuwa hagu, wannan al'ada ce. Wadda ta kafe gefe ɗaya makonni, musamman da jini-jini, ita ce abin dubawa.

Hajiyar Gyallesu: Yara kuma kada a ce su je su yi guje-guje ya buɗe in kafa ɗaya ce ke fitar da majina mai wari. Wannan kusan kullum wani abu ne yaron ya cusa: ƙwayar wake, gyaɗa, dutsen ado, guntun soso. Kada a sa tsinke ko ashana, turawa ciki za a yi. In ƙaramin batir ne irin na agogo, a tafi asibiti a lokacin ko da tsakar dare ne, yana ƙona nama cikin awoyi kaɗan. Yaron da kullum bakinsa a buɗe, yana minshari, shi kuma a duba naman bayan hancinsa.

Koci, Sabon Gari: Abu ɗaya daga ɓangarenmu: ba kowane motsi ne ya dace ba. Duk wanda kai ke yin ƙasa da ƙirji, ko ake kwanciya, ko ake ɗaga ƙarfe ana yunƙuri da numfashi a riƙe, yana tura jini kai, fuska ta ƙara nauyi. A tsaya a kan na tsaye. Ninƙaya a kwamin wanka mai kulorin ma takan fusata hancin wasu.

Likitan Hanci: Haka ne, kuma wanda in ya yi sujada yake jin goshinsa ko kumatunsa kamar za su fashe, ga majina mai kauri, abin ya wuce kwana 10 ko ya yi sauƙi ya sake dawowa da ƙarfi, kogunan ƙashin fuskarsa ne suka kamu, ya zo a duba. In fatar ido ta kumbura ko gani ya canja, ranar zai zo, ba gobe ba.

Mai Kula da Zaure: Wata 'yar'uwa tana tambaya: Robb da sirace fa, ba su fi sauƙi ba?

Mai Kemis, Ƙofar Doka: Mentol ɗin da ke cikin Robb da ire-irensa yana taɓa jijiyar da ke jin sanyi ne a hanci, sai mutum ya ji kamar iska na wucewa, alhali faɗin hanyar bai canja ba. Akwai daɗi, ba laifi a shafa a ƙirji, amma ba a cusa shi cikin hanci, kuma ba a shafa wa yaro ɗan ƙasa da shekara 2. Sirace yana tausasa majina na ɗan lokaci. Haɗarinsa ƙuna ce, kada a lulluɓe yaro da tukunyar tafasasshen ruwa. A duba magungunan da ake sha ma: metildofa na hawan jini da maganin ƙarfin maza irin sildenafil duk suna toshe hanci, kuma masu shan na biyun ba sa faɗa sai an tambaya sau uku. Mai alaji na kullum kuwa, feshin hanci irin fulutikason ne maganinsa, amma sai an yi kwanaki ana fesawa kafin a ga aikinsa, a kuma karkata bakin kwalbar wajen kunne, ba wajen tsakiyar hanci ba, don gudun haɓo.

Hajiyar Gyallesu: Duk kun yi maganar rana. Masu tambayar nan da dare suke shan wahala. Ba wanda zai tashi ƙarfe biyu ya yi tsallen igiya.

Sista, Tudun Wada: Kwanciya ce da kanta ke tara jini a hanci, shi ya sa dare ya fi tsanani. A yi tattakin bayan la'asar ko kafin magariba, a wanke hanci, a sake wankewa kafin barci. A ɗaga kai da kafaɗu da filo biyu, ba wuya kaɗai ba. A fitar da turaren wuta da maganin sauro mai hayaƙi daga ɗakin, a shiga gidan sauro. A shanya jiƙaƙƙen tawul kusa da gado saboda bushewar iska, a ɗan shafa basilin kaɗan a bakin kafofin hanci. In an kwanta ta gefe, kafar da ke ƙasa ce ke toshewa, don haka in ta dama ce ta toshe a kwanta ta hagu, cikin 'yan mintuna za ta fara buɗewa.

Malamin Samaru: Kuma ba gangarar majina ce ke yin wannan ba, dannewar da ake yi wa gefen jiki ce ke aika saƙo ta jijiya. Ana iya yinsa a zaune: a cusa dunƙulen hannu ko gorar ruwa a hammatar hagu a matse da dantse na minti biyu zuwa uku, kafar dama za ta buɗe, ta hagun ta ɗan toshe. Ana son buɗe ta hagu, a danna hammatar dama.

Koci, Sabon Gari: Malam, gorar da ruwa a ciki ko babu?

Malamin Samaru: Da ruwa, murfi a ɗaure, don kada ta lotse.